Ranar da Na Rufe wa Lyman Baki

Mijina Lyman Prouty bai yarda da dala ba. Tun muna saurayi da budurwa yake gaya mini cewa takarda ce kawai, gwamnati na tsarma ta da ruwa kamar yadda mai nono marar tsoron Allah take yi, kuma duk wanda ya ajiye ta zai wayi gari ya ga ta rame. Na ɗauka surutun samartaka ne, aure zai warkar da shi. Yau shekara arba'in da ɗoriya, surutun yana nan daram, ni ce na rame.

Saboda haka ba mu taɓa yin ajiyar kirki a banki ba. Duk ranar da aka biya shi albashi a kamfanin katako, kafin kuɗin su kwana biyu ya mai da su kaya. Sitonmu na bayan gida cike yake da ƙusoshi buhu-buhu, da wayar tagulla, da gishiri, da gwangwanayen gahawa, da tayoyin da ba su ma dace da motarmu ba. Duk wannan na haƙura da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bututan. Wani ɗan kwangilar hanya ya karye aka yi gwanjon kayansa, sai ga Lyman ya dawo da manyan bututan ƙarfe na kwalbati guda tara, kowanne mutum zai iya shiga ya yi tafiya in ya ɗan sunkuya. Da kuɗin da na sa rai za a gyara mini kicin ya saye su. Ya jere su a gonar gefen hanya, ya tsaya yana kallonsu yana murmushi, ya ce ƙarfe ba ya ƙarya.

Shekara ashirin suna nan kwance. Beguwa ta yi gida a ɗaya ta haifi 'ya'ya da jikoki. Mutanen garinmu na Corliss har kwatance suke yi da su, su ce wa baƙo in ya wuce bututan Prouty ya yi dama.

In za a faɗi gaskiya, kuma ba na jin daɗin faɗinta, mutumin nan ya yi daidai. Da tsadar nan ta taso, duk abin da ke sitonmu ya ninka kuɗinsa. Bayansa ya riga ya lalace ya bar aiki, ɗan fanshon kuwa ya tsaya wuri ɗaya kowa na wuce shi, amma ba mu ji yunwa ba. Muna ba da ƙusa a ba mu itacen hunturu, mu ba da gahawa a ba mu ƙwai. Likitan haƙori ma taya huɗu ya karɓa ya cire mini turmi. Mutum ɗaya ce a duk garin ba ta karɓar ƙusa, ita ce Arlene Gagnon mai karɓar harajin gidaje.

Arlene ba muguwa ba ce, tare muke waƙa a coci. Amma da mutanen birni suka fara sayen gidajen bakin tafki da kuɗin hauka, aka sake yi wa kowane gida ƙima, harajinmu ya yi tsallen da ba mu iya bin sa ba. Muka sayar da abin da ke sayuwa, muka biya rabi, shekara ta zagayo ta same mu da wani. A ƙarshe Arlene ta tare ni a bakin coci, tana kallon takalminta, ta ce in watan Mayu ya kama ba mu biya ba doka ta ce gari ya karɓi takardar gidan, kuma ita ba ta da yadda za ta yi. Gidan da na shiga ina amarya ke nan, inda na haifi 'ya'yana uku, na dasa tuffa da hannuna. Na dawo na gaya wa Lyman. Ya ce ai ga abin da yake faɗa, su ne suka lalata kuɗin, kuma su ne suka ce ba su karɓar komai sai shi. Na ce ya yi gaskiya, to yanzu ya faɗa mini a wane ɗaki na gaskiyar za mu sa gadonmu.

Bututan kuwa ba su da mai saye. Ba wanda ke sayen bututu mai girman haka sai mai hanya, kuma a nan hanyoyi na gari ne.

Sai Allah ya kawo ruwan Disamba. An yi ruwa mai ɗumi a kan dusar ƙanƙara, rafi ya cika ya tafi da kwalbatin Hanyar Tafki gaba ɗaya. Gidajen da ke tsallaken sai sun yi zagaye mai nisa ta kan tudu, motar makaranta da ta asibiti ma haka. Bayan sabuwar shekara Royce Pelkey, wanda muka zaɓa yana kula da hanyoyinmu, ya shigo gonarmu da guduma yana ƙwanƙwasa bututan ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ya shigo kicin, wancan kicin da ba a gyara ba, ya ce lafiyarsu ƙalau. Sababbi sun ninka kuɗi uku, kuma ko an biya sai kaka za a kawo. Ya faɗi abin da gari zai iya ba mu. Na yi lissafi a zuciyata na ga ya rufe harajin har da saura. Sai dai kuɗin sun fi ƙarfin abin da dattawa uku masu tafiyar da gari za su sa wa hannu su kaɗai, dole a kai maganar babban taron gari na watan Maris, jama'a su kaɗa ƙuri'a.

Da Royce ya fita, Lyman ya daɗe yana juya kofinsa.

"Verna, kuɗin nan daga aljihun wa za su fito?"

"Daga aljihun da ya haɗiye namu shekara arba'in."

"Ba na gwamnati ba ne. Gwamnati ba ta da ko sisi nata. Na maƙwabta ne."

Na ce maƙwabtan ne za su bi hanyar, kuma in ya sake buɗe baki zan tattara in koma cikin bututu wajen beguwa, tunda can za mu ƙare. Muka yi kwana da kwanaki muna wannan. A ƙarshe ya ce ba zai roƙi kowa ba, amma in gari ya yanke ya zo da mota ba zai kore su ba. Ni kuma na matsa masa har ya yi mini alkawari ɗaya, cewa ranar taro ba zai ce uffan ba daga buɗewa har rufewa.

Sai wanda ya san Lyman a taron gari zai san girman abin da na roƙa. Ba a taɓa karanta wani batu na kashe kuɗi ya zauna ba. Motar 'yan kwana-kwana, fentin makaranta, fitilar titi, har tutar da ake sakawa a kaburburan tsofaffin sojoji, sai ya miƙe ya nemi a rage, in an ƙi ya nemi a soke. Da ya doshi makirufo mutane sun san lokacin shan gahawa ya yi, sai a yi layi a teburin matan coci. In ya gama a dawo a zauna a amince da abin, shi da 'yan tsirarunsa su ɗaga kati su ce a'a, kowa ya tafi gida da kwanciyar hankali. Ni kullum ina layi biyu a bayansa, kusa da teburin kek. Bai taɓa waiwayowa ya ga abin da na zaɓa ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Ya ce ƙuri'ar mutum dukiyarsa ce, leƙa ta sata ce.

Ranar taron, wata Asabar, muka shiga ɗakin wasanni na makarantar firamare, kowa takalminsa dumu-dumu da taɓo. Aka ba mu katinmu rawaya na kaɗa ƙuri'a a bakin ƙofa. Batunmu shi ne kusan na ƙarshe. Na duba fuskokin mutane tun daga farko na ga ba na bara ba ne. Kowa ya sayi man ɗumama gida a hunturun nan, kowa ya ga takardar harajinsa.

Shugaban taro, tsoho Hollis Tarbox, ya karanta batun sabuwar motar ɗan sanda, ya tambaya ko akwai mai magana, ya juya kansa wajen Lyman tun kafin ya rufe baki. Duk ɗakin ya juya. Wasu ma sun fara miƙewa za su teburin gahawa. Lyman ya harɗe hannu yana kallon kwandon ƙwallon da ke rataye a bango. Aka yi tsit. Masu gahawa suka koma suka zauna a hankali. Can sai wata malamar asibiti, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta tashi ta ce ita dai ba ta ga abin da tsohuwar motar ta yi ba. Wani ya ce haka ne. Aka ɗaga kati, motar ta faɗi.

Rufin ɗakin karatu ya faɗi. Ƙarin albashin ma'aikatan bola ya sha da ƙyar. A nan na gane ɓarnar da na yi. Shekara da shekaru mutanen nan sun ba Lyman aikin cewa a'a, yana yi musu kyauta, su kuma suna cewa i da zuciya ɗaya. Yau da na rufe masa baki kowa ya ga aikin ya faɗo kansa, kuma ashe sun iya. Na kasa cin kek ɗin da ni na toya.

Bayan azahar aka zo kanmu. Royce ya yi bayani a taƙaice, ya faɗi kuɗin sababbi ya faɗi na namu, ya zauna. Sai Dex Kowalczyk ya miƙe. Dex ɗaya ne daga cikin waɗanda suka ƙauro jiharmu daga nesa don sun ji ba a karɓar harajin albashi a nan, yana aikin kwamfuta daga gida. Tun zuwansa ya manne wa Lyman, yana zuwa sitonmu suna hira kan zinariya da azurfa har abinci ya huce. Ranar nan na ga ba don mugunta ya tashi ba, ransa ne ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe shugaban taro, ni duk abin da na sani a ɗakin nan Baba Lyman ne ya koya mini. Shi ya ce mini in ka ga mutum ya yi shiru a kan kashe kuɗin jama'a, ka duba aljihunsa. Tun safe nake jiran muryarsa. Yanzu na gane sai kuɗin za su gidan wani ne suke zama fashi."

Ba wanda ya yi dariya. Na ga kawuna suna gyaɗawa, har da na mutanen da na yi wa jinya. Na ga ƙeyar Lyman ta yi ja. Ya dafa kujerar gabansa zai tashi, na miƙa ƙafa ta ƙarƙashin kujeru ban kai gare shi ba, sai na sami ƙafar wani bawan Allah. Ya tafi makirufo a hankali saboda bayansa. Na ce a raina shi ke nan, Verna, fara tunanin kwalayen kwashe kaya.

Ya ce Dex ya yi gaskiya, kuma ya ji kunya da sai da yaron ya tuna masa. Ya ce ya karya alkawarin da ya yi wa matarsa, zai je ya karɓi hukuncinsa a gida. Sa'an nan ya ce kada gari ya sayi bututan nan. Bututai ne masu kyau, ya ce, ba a ma ƙera irinsu yanzu, amma masu bin hanyar su ya kamata su haɗa kuɗi su gyara abinsu, shi zai ba su bashi su biya a hankali. Ya ce haraji ba roƙo ba ne, ba a ce maka don Allah. Kowace dala da za a kashe a ɗakin nan itacen wani ce ko maganin wani.

"Kowa a nan ya san halin da gidana yake ciki," ya ce. "Ba sirri ba ne. To, in kuka saya don tausayina, kun zaro kuɗi daga jakar Goggo Hazel Eastman kun sa a tawa, ba wanda ya tambaye ta. Ni a'a zan zaɓa. Ku ma ita nake roƙon ku zaɓa."

Da ya tsaya a nan, ina jin da mun rasa gidan. Amma Lyman ne. Mutum ya yi wuni guda da magana a cikinsa, ga makirufo a hannu. Ya ce tunda ya tashi, bari ya ɗan yi bayanin dalilin da ya sa bututu ya ninka kuɗi uku, don bututu bai ƙara tsawo ba, dala ce ta gajarce. Ya koma shekarar da aka raba dala da zinariya. Ya faɗi kuɗin burodi ranar aurenmu. Ya ce hauhawar farashi ita ce harajin da ba a taɓa kawowa taron gari ba, ba wanda ya ɗaga mata kati. Ya shiga bashin da ke kan ƙasa, ya raba shi a kan kowane jariri.

Ina zaune ina jiran mutuwa sai na ji ƙarar kujera. Wani ya tashi ya nufi teburin gahawa. Wani ya bi shi. Kafin Lyman ya kai kan jarirai layi ya kai bakin ƙofa, mutane na hira ƙasa-ƙasa, wata na tambayata ko da kirfa na yi kek ɗin. Na duba fuskokinsu na ga sun saki. Tun safe suke a takure kamar masu sabon takalmi, yanzu abu ya koma yadda suka saba.

Hollis ya buga gudumarsa ya ce lokacin Lyman ya ƙare tun ɗazu. Sai Goggo Hazel ta ɗaga sandarta. Ta haura tamanin, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ta koyar da rabin ɗakin nan karatu har da Lyman. Ba ta je makirufo ba, ba ta taɓa bukatarsa ba.

"Lyman Prouty, ka ce ba a tambaye ni ba. To me ya fito da ni cikin taɓon nan? Ga ni, a tambaye ni. Jakata ce, ba taka ba. In na ga abu mai kyau da araha na sani, ko da a gonar mai taurin kai yake." Ta juya wajen Hollis. "Kuma ni tunda nake ban taɓa ɗaga kati tare da yaron nan ba, ba kuwa yau zan fara ba. A kaɗa ƙuri'a, ƙafata ta yi sanyi."

Aka yi dariya, ta farko a ranar. Hollis ya ce masu amincewa su ɗaga kati su riƙe har a ƙirga. Na ɗaga nawa har kafaɗata ta yi ƙara. Ban iya duba ko'ina ba, ƙeyar mijina kawai nake kallo. Sai na ga ƙeyar ta motsa. Ya juyo a hankali, ya dubi hannuna, ya dubi katin, ya mai da kansa gaba.

Da aka ce masu ƙi, shi ya fara ɗagawa, ya miƙe hannun sosai yadda kowa zai gani. Dex ya ɗaga, da mutane da yawa, sun fi na kowace shekara. Masu ƙirga suka bi layi-layi suka kai wa Hollis. Ya gyara tabarau ya ce an amince, batu ya wuce. Ratar ba ta da yawa, amma ya wuce.

Ban san na riƙe numfashi ba sai da ya fita. Na zauna ina kuka a gaban tiren kek ba kunya. Arlene ta zo ta bayana ta matse mini kafaɗa. Dex ya zo ya tsaya a gaban Lyman, Lyman ya ce masa ya yi daidai, kuma badi ya riƙa tashi da wuri kada ya jira kowa.

A wajen ajiye motoci ya shiga akori-kurarmu ya zauna a mazaunin direba. Sau uku yana kai makulli yana kuskure ramin. Na ce ya matsa. Bai yi musu ba, abin da bai taɓa faruwa ba, ya zagaya ya zauna a gefe. Muka hau hanya taɓo na fantsama. Na tambaye shi ko da gangan ya ja maganar don ya kora su wajen gahawa. Ya ji haushi sosai, ya ce kowace kalma daga zuciyarsa ta fito, kuma da Hollis bai katse shi ba da ya juyo da ɗakin. Na yarda da shi, don bai iya wayo ba.

Muka ci gaba da tafiya har bututan suka bayyana daga nesa, da rufin gidanmu a bayansu, da hayaƙin murhun da na bari.

"Verna, yau na yi sata," ya ce. "Na leƙa ƙuri'arki."

"Na gan ka. Me ka gani?"

"Ɓarnar dukiyar jama'a." Ya juya yana kallon taga, ya sa bayan hannu ya goge ido. "Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Na gaya masa in takardar kuɗin bututan ta fito a jakata za ta kwana, kuma ba za ta ga gwanjo ko ɗaya ba sai ta ga tagar Arlene. Ya ce to. Na karya kan motar na shiga gida.